Ƙwaryar Nono a Kujerar Gaba

Duk abin da za ni mance a duniyar nan, ban da ranar da na tuƙa ƙwaryar nono a kujerar gaban motata, gabana na faɗuwa kamar na ɗauko jariri.

Motar ja ce, mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Ta hanyar Maraɗi aka shigo mini da ita lokacin ina ji da ƙuruciya. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinta kuwa 'yar siririyar roba ce a kan manyan ƙarafa. A kwalta mai kyau sai ka rantse tashi za ta yi. To amma ni kullum tsakanin Isa da Sabon Birni nake, can nake aiki, kuma babu ramin da ba ya gaisawa da ƙashin bayana. Ko a jikina, tunda samari na ɗaga mini hannu.

Inna, mahaifiyata, sau ɗaya ta shige ta. Ta fito riƙe da ƙugu ta ce, "Wagga ba mota ba ta, turmi na. An kirɓa ni!" Ta yi rantsuwa ba ta ƙarawa.

Ana nan sai labari ya zo cewa yayarta da ke Burkusuma, wadda ta goye ta tun tana jinjira, ta kwanta ciwo, an kawo ta gidan ɗanta a Sabon Birni. Ita kuma Inna ciwon baya ya riga ya kama ta. Babur ba ya hawuwa gare ta, motar kasuwa kuwa cusa mutane ake yi. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Wata safiya na je gaishe ta, ta ce, "Ina son in ga Yaya da idona." Muryarta ta karya mini zuciya.

Ranar na kai motar gareji. Makanike ya cire shokozoba masu tauri, wato ƙarafan da ke shanye girgizar rami, ya sa masu laushi, ya sa sifirin masu tsawo a ƙafafunta har motar ta ɗaga. Muka sauya ƙarafan taya da ƙanana, aka sa tayoyi masu kauri. Mai kushin ya farke kujera ya ƙara soso. Har salansar da nake taƙama da rurinta aka rufe wa baki. Abokai suka yi ta tsiya, wai na mayar da ingarma jakin kai taki. Ba za ni ɓoye ba, abin ya sosa mini rai.

Inna dai ba ta yarda ba. Ta yi tallan nono a ƙuruciyarta, saboda haka da abin da ta sani ta yi gwaji. Ta cika ƙwarya da nono, ta naɗa gammo ta ɗora a kan kujera, ta hana a rufe da faifai.

"Kai ta tasha ka dawo," in ji ta. "In ta zube, ni ma zubewa za ni yi."

Kai, ta zube! Na dawo kujera sharkaf, Inna na dariya har da tari. Na je wurin mai faci ya rage iskar taya, na kuma koyi shiga rami a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ƙafata a kan birki. Da na sake gwadawa, bakin ƙwaryar kawai ya jiƙe. Inna ta leƙa, ta sa yatsa ta shafa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.

Muka kama hanyar Sabon Birni. Gero ya yi kai a lokacin, gonaki kore shar dama da hagu. Tana ta nuna mini inda suke yada zango da ƙwarya ita da yayarta, inda suka taɓa ɓata a cikin dawa, inda aka kore su daga gindin magarya. Can na ji shiru. Na waiga, ashe barci ya ɗauke ta, a cikin motar da ta kira turmi.

Da muka isa, tsohuwar ta ɗago kai daga shimfiɗa da ƙyar ta ce, "Auta, ke ta?" Suka riƙe hannun juna suna kuka, ni kuwa na fita waje. Ba a yi mako ba Allah Ya karɓi abarSa, yayar ta rasu. Inna ma ba ta ga kakar da ta biyo baya ba.

Motar na nan wurina, ban mayar da ko ƙusa ɗaya yadda take a da ba. In rana ta yi zafi, har yau wani ɗan warin nono na tasowa daga kujerar, kuma na hana a sauya soson. Kullum in na zo rami sai in rage gudu, in shiga a karkace, in dubi kujerar da ke damana. Wallahi ina kewar Inna.

Abin da na koya shi ne, in akwai tsohon da ke son ka kai shi wani wuri, gyara abin hawanka yau, kada ka ce sai gobe. Na yi shekaru ina gudu da motar nan, ban tuna ko tafiya ɗaya. Wadda na yi a hankali Inna na barci a gefena, ita kaɗai ta rage mini.