Ruwan Inabi Na Ce Mata

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa Allah sarki, yau ga nawa na kawo, ko zuciyata ta yi sauƙi. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da takwas, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan flat a Erdington cikin Birmingham, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Ni Kirista ce daga kudancin Kaduna, mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, irin wadda ake nuna wa 'yan mata a ce su yi koyi da ita. Abin da ba wanda ya sani shi ne akwai wata farar giyar inabi da nake so kamar me. Ba mashayiya ba ce ni, kofi ɗaya ne ko biyu in na gaji, amma a cocinmu ko ɗigo abin kunya ne. Matan zumunta kuwa ba sa sanarwa, sai dai mutum ya gan su a ƙofa, kuma firij suke fara buɗewa. Shi ya sa in na sayo nake juye ta a jug ɗin lemon citta, kwalbar in jefar da ita nesa da gida.

Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukuma, ya rage abin da yake ba gidajen tsofaffi, aka sallami ma'aikata, aikin mutum uku ya dawo kan mutum ɗaya. A wannan karon kwana goma sha uku na jera ba hutu, ɗaga wannan, wanke wancan, canza zanen gado, har ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Ranar Juma'a ƙarfe biyu na rana na tashi daga aiki, da hutun kwana huɗu a gabana. Kai jama'a! A cikin bas waƙa nake yi, wata tsohuwar Baturiya tana kallona tana murmushi. Na biya shago na ɗauko 'yar gidan tawa, wato giyar nan, da kifi da attarugu. Ina isa na juye ta a jug, na sa a firij, na yi wanka, na soya kifi. Da ta yi sanyi na zuba kofin farko. Wayyo daɗi! Ɗan tsami-tsami kamar na ɗanyen mangwaro, ga ƙamshi, tana sauka ina jin gajiya tana barin kafaɗuna. Na kunna kiɗa ina taka rawa a kicin da kumburarrun ƙafafuna, ni kaɗai ina dariya.

Ina cikin haka aka buga ƙofa. Ƙawata ce daga Manchester, Bakanuwa, Musulma, mai karatun digirin dakta. Shekara huɗu muka yi gida ɗaya a can kafin aiki ya kawo ni Birmingham. Kwano ɗaya muke ci, da aka yi min tiyata ita ta yi jinyata, har sallaya na ajiye mata a ɗakina. Yaya take ce min. Ina buɗewa ta faɗo jikina tana ihu, wai ta kare aikinta a gaban malamai da safe, ta ci, ta zama dakta, kuma ta rantse ba za ta faɗa min a waya ba, shi ya sa ta hawo jirgin ƙasa. Na rangaɗa guɗa har maƙwabcina ya bubbuga bango. Muka yi ta tsalle, ina tsokanarta wai yanzu sai na nemi izini kafin in gaishe ta, tana cewa in bari kawai, ƙishirwa za ta kashe dakta tun ba ta karɓi takarda ba.

Gidana gidanta ne, don haka da kanta ta buɗe firij ta ɗauko jug. Ta ga kalar ba ta citta ba ce, sai ta juyo ta tambaye ni mene ne a ciki. Nan ne Shaiɗan ya zauna min a harshe. Na ce mata ruwan inabi ne. A Hausar cocinmu haka muke kiran giyar inabi, don haka na lallashi zuciyata cewa ban yi ƙarya ba. Amma na sani sarai a kunnen Bakanuwa ruwan inabi lemo ne, irin na kwali. Kunya ce ta kama ni, ban so ta san Yayarta tana sha. Ina tsaye ina kallo ta cika kofi, ta yi bisimilla, ta kafa kai. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da ita, na kasa furtawa.

Ta sha rabi ta yamutsa fuska, ta ce lemon nan ya lalace, ƙirjinta ma zafi yake, kada in sha ya ɓata min ciki. Ni take ji wa tsoro fa! Ta nufi wajen wanke-wanke za ta zubar, sai ƙafarta ta bugi ledar cefane. Kwalbar da gajiya ta hana ni fitarwa ta gangaro gabanta. Ta ɗauka ta karanta, ta daɗe tana kallona. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kuskure baki, ta yi alwala, ta yi la'asar a kan sallayar nan, tana idarwa ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce min Allah ba zai kama ta da abin da ta sha ba da sani ba, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ta tambaya, na amsa mata da yaudara. Ta ce da mahaifinta ya damu da zamanta a Turai, ce masa ta yi ya kwantar da hankali, tana da Yaya mai tsare ta. Ko kifin ba ta taɓa ba, ta koma Manchester a ranar da ya kamata ta fi kowace daɗi a rayuwarta.

Wata biyar ina ba ta haƙuri kafin ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe ɗin, don ba ta iya riƙo ba. Giyar ban zarge ta ba, ba ita ta buɗe baki ta yi magana ba. Ni ce na ɓuya a bayan kalma don in tsira da mutuncina, na sayar da amanar wadda ta yarda da ni ido rufe. 'Yan'uwana da ke zaune da abokai na wani addini, in an tambaye ku me ke cikin kwano ko kofi, ku faɗa da sunan da mai tambaya zai gane, ko da kunya za ta kashe ku. Kunyar minti ɗaya ce, da na sani kuwa ƙeya ce. Yau shekaru sun wuce, tana zuwa gidana, muna hira muna dariya, har yanzu Yaya take ce min. Amma ba ta ƙara buɗe firij ɗina ba. In ƙishirwa ta kama ta, sai ta zuge jakarta ta ciro gorar ruwan da ta zo da ita daga Manchester.