Ƙwaryar da Mérilia Ta Kai Asibiti

Mérilia Dorvil mai sayar da mazarƙwaila ce a kasuwar Hinche. A ƙauyenmu, Bwa Kajou, ba a san ta da komai ba sai wannan sana'a da kaifin baki, har shekarar da aka buɗe asibitin mata a gindin tudu. Gwamnati ce ta ba da fili, wata ƙungiya ta ƙetare kuma ta kawo likitoci da magani. Abin da ke tafe daga bakin Mérilia ya fito, da na Mis Yolène, ungozomar asibitin. Inda suka saɓa zan nuna.

Mérilia tana da ciki mijinta ya rasu a gonakin rake na hayin iyakar ƙasarmu. Da aka gwada jininta, aka sami ƙwayar ƙanjamau. Mis Yolène ta ɗora ta a kan magani, ta ce idan ta haihu a asibiti aka ɗiga wa jaririn nasa nan take, da wuya ya ɗauka.

Sai dai asibitin yana ƙone duk abin da ya biyo haihuwa, har cibiya. Mu kuwa a tsakar gidan kakanni muke binne cibiyar yaro, mu dasa itace a kai. Wanda ba shi da itace baƙo ne a gidan ubansa, ko ya tsufa a ciki. Shi ya sa mata da dama suka gwammace haihuwa a ɗaka, kome zai faru.

Mahaifin Mérilia, Exumé Dorvil, bai san da ciwon ba. Ranar da ta ce masa asibiti za ta, yana gyaran ƙotar fartanya.

"Uwarki a kan tabarmar nan ta haife ku duka," in ji shi. "Ke wace gimbiya ce?"

"Gimbiyar da ke da ƙanjamau, Papa," in ji ta, da muryar da take talla da ita. Maƙwabta sun ji, kuma so take su ji. "Ni na ɗauka, amma ɗan nan ba zai ɗauka ba."

Da naƙuda ta kama, ta hau jaki ta gangara, rungume da ƙwarya mai murfi. A bakin ɗakin haihuwa ta toge, ta ce ba za ta hau gado ba sai an yi mata alkawarin cibiya.

"Madam Dorvil, dokar ba tawa ba ce," in ji Mis Yolène. "Jini ne, yana iya cutar da wani."

"To wanke shi da ruwan nan naku mai wari. Mis, ke ina taki cibiyar?"

"Gindin wata kwakwa, a Jacmel."

"Ah! Kin sha ruwan kwakwarki, ni ki ba ɗana toka?"

A nan bakinsu ya rabu. Mis Yolène ta ce ta je ta nemi izinin likita, ya yi nazari ya yarda. Mérilia ta ce ba wanda ya je ko'ina, domin kan jaririya ya riga ya leƙo. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne, an jiƙa cibiyar a ruwan kashe ƙwayoyi, an rufe ta a ƙwaryar, an kuma ɗiga wa yarinyar magani. Aka sa mata suna Rosemène.

Saura tsakar gida. Exumé ya tsaya a gindin itacensa ya ce ba a binne jinin ciwo kusa da kakanni. Ya ce ta kai ta bakin rafi.

"Bakin rafi wurin wanki ne, Papa. Dorvil ce ita ko ba Dorvil ba?"

Sai ya hana 'yan'uwanta maza haƙa mata ramin. Rana tsaka, tana jego ɗanye, ta ɗauki fartanyarsa ta haƙa rami tsakanin itacenta da na yayanta. Ta binne ƙwaryar, ta dasa mangwaro. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan shinge ta ce ba mai cin 'ya'yansa.

"Madalla," in ji Mérilia. "Sai 'ya'yanki su huta da sata."

Da Rosemène ta fara tafiya aka yi mata gwajin ƙarshe, ba a sami komai ba. Kafin nan matan tudu sun fara gangarowa asibiti da ƙorensu, har Mis Yolène ta ware wa ƙoren wuri a kan wata kanta.

Exumé bai taɓa janye maganarsa da baki ba. Amma a ranin farko, da awaki suka fara cin ganyen mangwaron, an wayi gari an kewaye shi da ƙaya, ɗaurin kuma irin na Exumé ne. Na tambayi Mérilia ko ta gode masa.

"Godiyar me?" in ji ta. "Itacen jikarsa ne. Aikinsa ya yi."