Duwatsun Teku a Kwatar Madabo

A shekarar da soja suka shirya miƙa mulki, ina koyar da kimiyya a wata sakandare, ina kuma digiri na biyu a ilimin duwatsu. Hutu uku na yi a ƙasar Sakkwato ina sassaƙo farin dutse daga bangon wani tsohon rami, domin a zamanin da ba a halicci mutum ba wurin teku ne.

A cikin dutsen akwai ɓawon wasu halittu da ba su kai ƙwayar gero ba. Lokacin da suke raye suna yawo a saman ruwa, wata irin gansakuka na zaune a jikinsu: ita ta haɗa abinci da hasken rana, su kuma su ba ta mafaka. An taɓa yin wani zamani da duniya ta ɗau zafi, teku ya ɗumama. Abin da nake son sani shi ne, da zafin ya zo, rabuwa suka yi ko sun jure tare? Amsar tana cikin jerin dutsen: na ƙasa kafin zafin ne, na sama bayansa. Shi ya sa kowane hawa na ba shi ledarsa da lambarsa. Na jera su a shagon da ke zauren gidanmu a unguwar Madabo, na sa kwaɗo.

Sai yayana ya fito takarar kansila.

Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar an ɓalle kwaɗon, an shafe shagon da fenti, an manna hotunansa har rufi. Duwatsun kuwa an juye su a kwatar da ta yanke lungunmu, an daddaɓe, saboda shugaban jam'iyya zai zo kada ya ɓata takalmi. An ƙone ledojin.

Na same shi a zaure cikin 'yan kamfen. Na ce, "Yaya, wa ya ba ka izinin buɗe shagon nan?"

Ya ce, "Gidan ubanmu ne. Tsakuwa ce fa, Malam. In na ci zaɓe zan sa a kawo maka tifa guda."

Suka yi dariya. Dariyar ta fi ɓarnar ciwo. Na cire takalmi na shiga kwatar da tufafin aikina a jikina, ina tono da hannu. Na tsamo da yawa, amma na ƙasa ya cakuɗe da na sama, ba mai iya cewa wanne ya riga wanne.

Na kai ƙara wurin mahaifiyarmu. Hajiya ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ka yi haƙuri, babba ne." Ba ta kira shi ba ma. A ranar na kwashe littattafaina na koma wurin wani abokina a Koki.

Da damina ta wuce na sake zuwa Sakkwato, na tarar masu fasa dutse sun cinye bangon ramin. Malamin da ke duba aikina ya ce in sauya batu. Na sauya, na rubuta wani abu a kan ruwan rijiya, aka ba ni takarda.

Yayana ya ci zaɓensa. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza. Har yau bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na yafe ba.