Rakiyar da Ta Kayar da Ni

A lokacin ina koyarwa a wata Islamiyya a Ƙofar Taramniya, kuma an san ni da tafiya kamar ana korata. Sai ƙafata ta hagu ta fara ja, idona ya riƙa dishi-dishi. Bayan dogon gwaji likita ya ce cutar MS ce, wadda garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin laka da na ƙwaƙwalwa. A layin asibiti na haɗu da wata 'yar unguwar Mabera mai irin ciwona, matar wani ɗan kasuwar atamfa. Kowaccenmu da sandarta, muna yi wa juna tsiya kan wadda za ta riga isa bakin titi.

Ita ta fara jin labarin wani aiki da ake yi a ƙasar waje, a zura siririn bututu a buɗe jijiyoyin jini na wuya, wai ciwon ya tafi. Likitanmu ya ce ba a tabbatar yana magani ba, kuma jini na iya daskarewa ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mijina ya kama maganar likita ya riƙe, nata ya saya mata tikiti. Da ta dawo na je yi mata barka, da na tashi tafiya ta rako ni har ƙofar gida babu sanda, tana riƙe mini jaka. Na yi mata murna da baki, amma wallahi a cikin Keke Napep kuka na yi ta yi har gida. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba.

Ta ce za ta rama ziyara, ni kuma na ƙudurta sai na raka ta da ƙafafuna biyu. Akwai ƙwayoyin da likita ke ba ni na 'yan kwanaki idan ciwon ya tashi. Ya sha gaya mini yawan shansu na cinye ƙashi, mai irin cutarmu kuwa dama ƙashinta ba ƙwari, don haka in riƙa shan hantsi da nono, ina motsa jiki. Na koma sayen ƙwayoyin a kemis ina sha kullum, wata da watanni. Na daina fita tsakar gida don kada a gan ni da sanda. Kumatuna suka cika, maƙwabta na cewa na murmure, ina jin daɗi. Ƙawata kuwa shiru, waya ma ta daina ɗauka, na ce ai ta warke ta fi ƙarfin guragu.

Rannan sai ga innarta ita kaɗai. Ban bar tsohuwar nan ta buɗe baki ba, na cika ta da labarin sauƙin da na samu ba tare da na hau jirgi ba, don ta kai wa ɗiyarta. Da ta miƙe na tura sandar ƙarƙashin gado na bi ta. Ta ce in zauna, ta yafe rakiya, na ƙi. A dokin ƙofar zaure ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Faɗuwa ce wadda yaro zai tashi ya kaɗe riga, ni ƙashin ƙuguna ya karye. Hoto ya nuna ƙasusuwana sun zama kamar soso.

A gadon asibiti innar ta faɗa mini abin da ya kawo ta. Jini ya daskare a inda aka yi wa ƙawata aiki, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya karye. Cikin kalmomi kaɗan da suka rage mata har da sunana, shi ya sa aka zo kirana.

'Yan'uwa masu wannan ciwo, kada ku auna jikinku da na wani, ba ku san abin da ke bayan ƙofarsa ba. Duk aikin da likitanku ya yi shakka a kai ku tsaya ku yi tambaya, kada ku ƙara wa kanku magani, kuma ku nemi a duba ƙashinku tun kuna tsaye. Yanzu duk Juma'a mijina na tura ni a keken guragu zuwa Mabera. Idan zan tafi takan bi ni da ido har labule, iyakar rakiyar da ta rage mana ke nan.