Namijin da Yona Ya Tone

Duk mai bin hanyar Sauka Kahuta a Minna ya san Shekwolo mai dashe, dattijon Gbagyi da ke jera furanni cikin leda a bakin titi. Sai ka yi da gaske kafin ka ji bakinsa, kuma shirun nan ne ya ci shi.

A ƙofar gidansa akwai wasu gajerun itatuwa biyu masu ganye kamar na dabino. Tun yana saurayi ya haƙo su daga dutsen ƙauyensu, kafin masu fasa dutse su mai da wurin tsakuwa. Ba sa fure. Wani kai suke fitarwa kamar abarba: na macen da 'ya'ya, na namijin gari kawai. Sai garin ya shiga kan macen 'ya'yan ke tsira. A dutse ƙwari ke wannan aike, a Minna kuwa Shekwolo ne ƙwaron, ya tanadi gashin kazarsa na shafa garin yana jira. Burinsa ke nan a duniya, ya ga irin ƙauyensu ya tsiro a ledarsa. Amma itatuwan 'yan taurin kai ne, in wannan ya fitar, waccan ta ƙi.

Sai bana suka shirya, kawuna biyu suka leƙo tare. A makon ne kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti.

Ɗansa Yona ya samo keke napep, ba wurin ajiyewa. Yaron bai yi da mugunta ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya yi abin da kowa ke yi wa gwanda: a bar mai 'ya'ya, a kawar da namijin. Ya tone shi har saiwa, ya shafe wurin da siminti. Ina zai sani, tun da uban bai taɓa buɗe baki ya gaya masa ba?

"Baba, kar ka damu," in ji Yona ranar da aka sallamo tsohon. "Na bar maka wanda yana haifuwa."

Shekwolo ya daɗe yana kallon simintin. "Sannu da aiki," ya ce.

Da kan macen ya nuna ya fashe, ya kwashe 'ya'yan ya zuba a bokitin ruwa, don mai rai nutsewa yake yi. Ya zauna a gindin keken yana jira. Ko ɗaya bai nutse ba.