Malam Lawan, Mai Sayar da Tikitin da Ke Korar Ciniki

Kullum da safe Malam Lawan zai jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya buɗe ɗan ofishin sayar da tikitin jirgin sama da ke Malali, ya kunna fanka idan an yi sa'ar wuta, sannan ya fara aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato hana mutane hawa jirgi. Ya daɗe yana haka, kuma har ya ajiye aiki a watan nan mai ofishin bai samu zuciyar korarsa ba.

Aibin Malam Lawan shi ne ba ya amsa tambayar da aka yi masa. Ka ce, "Minti nawa jirgi ke yi zuwa gari kaza?" sai ya ce, "Yaushe ake bukatarka a can?" A wurinsa tafiya daga ƙofar gidanka take farawa, ta ratsa cunkoson Mando a hanyar filin jirgi, ta zauna a ɗakin jira tana sauraren muryar nan mai daɗi ta lasifika da ba ta gajiya da ba da haƙuri.

Hajiya Tani, mai sayar da atamfofi a Rafin Guza, ita ce babbar shaida. Wata safiya ta faɗo ofishin, mayafi a karkace. An bugo mata daga Sakkwato cewa mahaifiyarta ta daina cin abinci, sunanta kawai take kira.

"Malam, yanko mini na jirgi. An nuna mini a waya, ko awa ɗaya ba a yi."

"Hajiya, wayar nan lissafin shaho ta yi miki. Yau babu mai tashi daga nan zuwa can. Sai a kai ki Legas ki kwana, gobe a maido ki arewa."

"Ni dai an ce ya fi komai sauri."

"Ya fi, in ya tashi. Ke Inna kike son gani ko gajimare?"

Sai hawaye suka zubo mata. Bai tsaya lallashi ba, don ba fanninsa ba ne. Ya rufe ofis, ya tare mata keke, ya bi bayanta a babur har tashar Kawo, ya sama mata gaban mota wajen wani direba da ya yarda da hankalinsa. Kafin magariba tana riƙe da hannun mahaifiyarta. Tsohuwar ta gane ta, har ta yi mata faɗan barin shago ba kowa. Da asuba ta cika. Da hantsi aka kai ta makwancinta, a lokacin jirgin da zai taso daga Legas bai ma fara kiran fasinja ba.

Malam Lawan, kai ne ɗan kasuwar da ya kasa koyon kasuwanci, mun kuwa gode wa Allah da ka kasa. Kai ne ka san cewa nisa tsakanin gari da gari ba a taswira kaɗai yake ba. Babu wanda zai ba ka lambar yabo, masu rabon lambobin ba ta Malali suke bi ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarsa, na'urarku ta fi tasa sauri, ba mu musa ba. Amma duk ranar da wata tsohuwa ke kwance tana kiran sunan 'yarta, ku bar cinikin nan ya wuce.