Garkuwa, Ɗan Tseren Keken da Aka Ba Zango Ɗaya

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin, wanda abokan sana'a suka sani da laƙabin Garkuwa, a shekarar 1964, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa da ke gindin duwatsu. Mahaifinsa bakaniken keke ne mai rumfa a bayan tasha, mahaifiyarsa kuwa tela ce. Shi ne ɗan fari, kuma ƙane ɗaya gare shi, wanda ake kira Auta.

Bayan firamare ya shiga makarantar koyon sana'a a 1977, amma bai kammala ba, domin hankalinsa na rumfa. Duk keken da aka gyara sai ya ce zai je gwada birki, a neme shi a rasa har la'asar. Mahaifinsa kan ce wa masu kekuna, "Ku yi haƙuri, birkin naku ne yake da nisa."

Sana'a da Aure

A 1985 wata ƙungiyar ƙwararrun masu tseren keke ta ɗauke shi, ba domin ya ci tsere ba, sai domin ya yi wa jagoranta hidima. Yakan shiga gabansa ya tare masa iska, ya koma motar koci, wato mai horar da su, ya ciko riga da gorunan ruwa, idan kuma tayar jagora ta fashe ya cire tasa ya ba shi. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Ya auri wata malamar makaranta a 1989, wadda takan ce mijinta ya fi kowa sanin hanya, amma kullum shi ne na ƙarshen isa. A 1992 Auta, wanda ya tashi gwanin hawan dutse, ya shigo ƙungiyar, Garkuwa ya koma yi wa ƙaninsa hidima cike da alfahari.

Babban Tseren 1994

Tseren na makonni uku ne, kowace rana da zangonta, kuma a mako na biyu Auta ya karɓi rigar jagora, wadda mai mafi ƙarancin lokaci ke sawa. A zangon da ya fi kowane tsauri, ana tsuga ruwa, Garkuwa ya ja ƙaninsa har kusa da ƙololuwar dutse, inda ƙarfinsa ya ƙare, ya kauce gefe.

"Je ka, Auta, nawa ya ƙare," in ji shi.

"To Yaya, sai mun haɗu a ƙasa."

Da Garkuwa ya fara gangara, sai ya tarar da keken ƙaninsa yashe a wata kwana, likitan tsere durƙushe a bakin kwalbati. Auta ya cika kafin a isa asibiti.

Washegari koci ya ba shi izinin tafiya, amma Garkuwa ya ce tun da shirya gawar zai kai yamma, gara ya hau keke da ya zauna yana kallon gadon ƙaninsa da babu kowa. A ranar ba wanda ya yi tsere. Mahaya suka tafi a dunƙule, shiru, kuma da aka hango layin ƙarshe duk suka kama birki, suka bar shi ya ƙetare shi kaɗai. Alƙalai suka rubuta masa zangon. Bai hau dandamalin karɓar kyauta ba, ya bi motar gawa zuwa gida, ƙungiyarsa ta janye. Wani mahayi daga wata ƙungiya ya lashe tseren, ya aika wa mahaifiyarsu da rigar jagora, ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta taɓa warware ta ba.

Shekarun Baya

Ya yi ritaya a 1995, ya gaji rumfar mahaifinsa, kuma daga nan a ƙafa yake zuwa aiki. Idan 'yan jarida suka tambaye shi nasararsa tilo, amsarsa ɗaya ce: "Ban ci ba, ba ni aka yi." A 2014 ƙaramar 'yarsa ta nemi izinin shiga tsere. Daga bisani ya haɗa mata keke da hannunsa, sai dai bai taɓa zuwa kallonta ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2021, bayan jinyar ciwon zuciya, aka binne shi a maƙabartar garinsu, tsofaffin mahaya suka ɗauki makararsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babban ɗansa direban jirgin ƙasa, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, sai ƙaramarsu 'yar tsere. Ita tana kan hanya a wani zango mai nisa sa'ad da ya cika, kocinta ya riƙe labarin har ta ƙetare layi. Ko da ta iso gida, an riga an dawo daga maƙabarta.